Shanuna suna ta ɓari, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shanu kusan 40 a hannun wani makiyayi a bayan garin Garwa. Daga kaka zuwa yanzu huɗu sun yi ɓari, duka cikin ya kai wata bakwai, biyu kuma mabiyiya ta ƙi faɗuwa sai da aka ciro ta. An yi musu allurar da na sayo a kasuwa amma ban ga sauƙi ba. Makiyayin yana zargin wata saniya mai kumburin gwiwa da na sayo bara. Ko yana da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Zargin makiyayinka yana kan hanya, domin ɓari a watannin ƙarshe na ciki, da maƙalewar mabiyiya, da kumburin gwiwa mai ruwa, alamu ne na cutar da makiyaya ke kira bakkale, likitoci kuma burusela. Ƙwayar cutar tana fitowa da yawa cikin ɗan ɓarin da mabiyiya da ruwan haihuwa, sauran shanu su lasa ko su ci ciyawar wurin, su kamu. Makircinta shi ne saniya takan yi ɓari sau ɗaya kawai, daga baya ta riƙa haihuwa lafiya alhali tana ci gaba da yaɗa cutar, shi ya sa mai sayarwa ke rantsuwa cewa dabbarsa ƙalau take, kuma wataƙila iyakar saninsa ke nan. Allurar kasuwa ba ta raba saniya da ita, saboda ƙwayar tana ɓuya a cikin ƙwayoyin jikin dabbar, don haka ka daina zubar da kuɗinka.

Sai dai ba bakkale kaɗai ke jawo ɓari ba. Idan shanu da tumaki da awaki suka yi ta ɓari lokaci guda bayan ruwa mai yawa, ƙanana kuma suna mutuwa, ana zargin zazzaɓin Rift Valley da sauro ke yaɗawa, irin wanda ya ɓarke a yankin Tawa na Nijar a 2016, kuma wannan a kai rahotonsa nan take. Idan cikin yana lalacewa tun yana ƙarami, saniya tana ta komawa barbara, a binciki bijimin. Sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, shi ma yana sa ɓari, haka kashin kare idan ya gurɓata abincin shanu.

Gwajin jini ne zai raba gardama. Ka je wurin jami'in dabbobi mafi kusa na MINEPIA, wato ma'aikatar kula da dabbobi ta Kamaru, ya ɗebi jinin garken duka, ka kuwa yi sa'a ɗakin binciken cututtukan dabbobi na LANAVET yana Bokle, kusa da kai. Wadda aka samu da cutar, shawarata a fitar da ita daga garke ta hanyar yanka bisa kulawar likita, kada a kai ta kasuwar Adumri a cuci wani.

Kafin sakamako ya fito, a ware duk wadda ta yi ɓari, a binne ɗan da mabiyiya a rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, kuma kada kowa ya taɓa su da hannu tsirara. Bakkale tana kama mutum, musamman ta ɗanyar madara, sai a tafasa madarar kafin a sha ko a yi kindirmo. Idan makiyayin ko iyalinsa suna fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, wanda maganin maleriya bai kore ba, su gaya wa likita cewa shanunsu suna ɓari.