Tambaya da Amsa: Sojoji a Ramin Dutse

Tambaya: Malam, wai da gaske ne an taɓa ɓoye sojoji cikin ramin haƙar dutse? Mun yi ta musu a majalisa. Daga wani ƙauye kusa da Ringim.

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa. A garin Aras na Faransa akwai tsofaffin ramukan farar ƙasa, a Yaƙin Duniya na Ɗaya mahaƙan Niyuzilan suka haɗe su da hanyoyi, aka sa lantarki da ruwa har da asibiti, sojojin ɓangaren Birtaniya kusan 24,000 suka kwanta a ciki, sai asubar 9 ga Afrilu 1917 suka ɓullo gab da Jamusawa. Tun 2008 ana shiga kallo, mita 20 a ƙasa, da ɗan jagora da hular kwano. Amma don Allah kar yaranku su gwada a ramin yashi, ruftawa yake.