Amsa: Yaya ake hasashen wanda zai ci wasannin sili-ɗaya-ƙwale na NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyar da ta fi yawan nasara a kakar wasa ita ce za ka bi a hasashenka. Ni dai ba na bin wannan kaɗai. A watan Fabrairun 2008 Patriots sun zo Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, ba a taɓa cinsu ba a kakar, wasa 18 a jere, Giants suka kayar da su 17 da 14. Wasa ɗaya ne tak, wanda ya faɗi ya tafi gida.

Abin da nake fara dubawa shi ne ƙartin nan biyar da ke tsare mai jefa ƙwallo. In sun ji rauni, ko Mahomes ne, gwanin jefa ƙwallo na ƙungiyar Kansas City Chiefs, sai ya sha ƙasa. Ka tuna 2021, Chiefs sun je wasan ƙarshe da katangar gaba mai gyambo, Buccaneers suka lallasa su 31 da 9. A 2025 ma haka aka yi, Eagles suka kayar da Mahomes ƙasa har sau shida kafin ya jefa, aka tashi 40 da 22.

Sai sanyi. Janairun 2024 Dolphins, 'yan Miami da suka saba da zafi, sun je Kansas City ana sanyi kamar ƙanƙara za ta fasa kai, suka sha 26 da 7.

Kada kuma ka manta, cikin ƙungiyoyi 14 da ke shiga sili-ɗaya-ƙwale, biyu kacal ke hutawa a makon farko. Duba jerin masu rauni ranar Juma'a kafin ka yanke.