An liƙe mana kafar shigar iska da leda, mu buɗe ko mu bari?

Tambaya: Ana ƙara gini a jikin ofishinmu. Birkiloli sun liƙe kafar da na'urar sanyaya gini take zuƙo iska daga waje da leda, suka kuma jibge bulo a gabanta, wai don kada ƙura ta shiga. Tun daga nan ɗakuna suka turnuƙe, ma'aikata na kukan ciwon kai. Yaya za mu yi?

Amsa: Malam, niyyarsu mai kyau ce, domin ƙurar siminti tana cushe matatar iska cikin 'yan kwanaki, idan kuma ta haɗu da laima sai ta daskare a cikin inji. Kuskuren shi ne barin inji yana aiki alhali an toshe masa hanci. Ko dai a rufe kafar a kashe inji, ko a kunna shi kafar tana buɗe.

Fanka ba ta daina ja don an rufe mata hanya. Idan fankokin bayi na fitar da iska, sabuwa kuma ba ta shigowa, sai ginin ya riƙa zuƙo ta ta ƙarƙashin ƙofa da tsagar silin. Ta nan warin fenti da na sokawe ke shigowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne janaretan da magina ke ajiyewa a gindin bango: hayaƙinsa na ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. Kada a raina ciwon kan nan, a duba inda janaretan yake yau ɗin nan.

A kwashe bulon, a cire ledar, a sa matatar iska ta wucin gadi a bakin kafar, ana duba ta kullum. Ranar da za a fasa bango ko a yanka tayil, a kashe inji, a rufe kafar, a yayyafa ruwa a wurin aikin. Ƙa'idar injinan gini ta Amurka ta ce a bar aƙalla mita 3 tsakanin kafar shigar iska da mafitar hayaƙi ko wari. Janareta kuwa, a kai shi nesa fiye da haka.

Idan sabon bangon zai tare kafar dindindin, injiniya ya sauya mata wuri tun kafin a yi filasta. Kafin ku karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila, a canza matatar iska, a kunna inji, ka kara takarda a bakin kafar. Idan ba ta manne ba, akwai sauran toshiya a ciki.