Kun Tambaya: Me ya sa mutanen Wales suka yi ca a kan dokar rage gudun mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban motar kai kaya gida-gida ne a Cardiff, babban birnin yankin Wales na Birtaniya, kuma ina cikin waɗanda suka sa hannu a takardar koken neman soke dokar da ta mayar da gudun mota mil 20 a awa cikin gari. Aikina ya ƙara tsawo, kuma abokan sana'ata suna cewa hanyar tatsar kuɗin tara ce kawai. Shin jama'a masu yawa haka za su taru a kan kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yawanku ba abin rainawa ba ne, domin takardar da ka sa wa hannu ta tara sa hannu kusan 470,000 a yankin da mutanensa suka ɗan haura miliyan 3, kuma majalisar dokokin Wales ba ta taɓa karɓar koke mai girmanta ba. Sai dai a ganina kun haɗa ƙorafi biyu wuri guda, ɗaya mai tushe, ɗaya kuma marar tushe, don haka gara a raba su.

Dokar ta fara aiki ranar 17 ga Satumba, 2023, lokacin da Mark Drakeford yake shugabantar gwamnatin yankin. Abin da ta yi shi ne sauke iyakar gudu daga mil 30 zuwa mil 20 a awa, wato daga kimanin kilomita 48 zuwa 32, a titunan da ke da fitilu a jere kusa da juna, tare da bai wa ƙananan hukumomi ikon ware titunan da suka ga ya dace su ci gaba da zama a kan mil 30. A nan ne aka samu tangarɗa, domin wasu hukumomin sun ware tituna da dama, wasu kuwa kusan ba su taɓa komai ba, sai direba ya tsinci kansa yana jan ƙafa a kan babbar hanya mai faɗi wadda babu gida, babu makaranta, babu shago a gefenta. Wanda ya fusata da wannan yana da gaskiya, kuma ita kanta gwamnati ta amsa hakan a 2024, lokacin da ministan sufuri Ken Skates ya fitar da sabuwar ƙa'idar da ta sauƙaƙa mayar da irin waɗannan hanyoyi mil 30. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma game da titin unguwa, inda yaro yake iya fitowa a guje daga tsakanin motoci biyu da aka ajiye, ban ga hujjar da za ta kare mil 30 ba, kuma lissafin yana cikin kundin dokokin hanya na Birtaniya da kowane direba ya karanta kafin ya karɓi lasisi. Motar da ke gudun mil 20 tana buƙatar mita 12 kafin ta tsaya cak: mita 6 kafin ƙafar direba ta kai kan birki, mita 6 kuma na taka birkin. Mai gudun mil 30 tana buƙatar mita 23, kuma mita 9 na farko suna wucewa ne tun direba bai taɓa birki ba. Ma'anar wannan ita ce, idan yaron nan yana mita 12 a gabanku, mota ta farko za ta tsaya daf da shi, ta biyu kuwa za ta iske shi tana kan gudun da ya haura mil 25. Ƙarfin bugu kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkawa yake yi, ta yadda bugun mil 30 ya fi ninki biyu na bugun mil 20. Wannan ne ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Stockholm na ƙasar Sweden a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a awa duk inda motoci suke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa, kuma Sifaniya da birnin Paris suka bi wannan hanya a 2021.

Alƙaluman Wales ma sun fito. A shekarar farko ta dokar, yawan waɗanda haɗari ya rutsa da su a titunan mil 20 da mil 30 ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, kuma waɗanda suka mutu ko suka ji mummunan rauni sun ragu da kimanin mutum 100. Shekara guda ba ta isa a yanke hukunci na ƙarshe ba, amma raguwa irin wannan ta fi ƙarfin a kira ta sa'a.

Zancen tatsar kuɗi kuwa bai da ƙarfi. Tarar gudu a Birtaniya, wadda mafi ƙarancinta fam 100 ne da makin laifi 3 a kan lasisi, baitulmalin gwamnatin tsakiya take shiga, ba asusun ƙaramar hukumar da ta kafa allon iyakar gudu ba, alhali gwamnatin Wales ta kashe fiye da fam miliyan 30 wajen sauya alluna da wayar da kan jama'a.

Inda na fi tausaya maka shi ne batun lokaci. Gwamnati ta ce matsakaicin abin da dokar za ta ƙara wa tafiya guda minti ɗaya ne, kuma ga mai zuwa ofis sau ɗaya ya dawo, wannan ba komai ba ne. Kai kuwa da kake wuni a bakin sitiyari, mintocin nan taruwa suke yi har su ci maka lokacin cin abinci da na iyali, kuma bai kamata a ce maka ba ka yi asarar komai ba. Sai dai nauyin wannan asara ya kamata ya hau kan kamfanin da ke tsara yawan kayan da za ka kai a wuni, domin jadawalin da aka gina a kan mil 30 ba zai yiwu a cika shi a kan mil 20 ba sai da karya doka, kuma idan maki suka kai 12 cikin shekara 3, lasisinka ne zai tafi, ba na manaja ba. Ku haɗu da abokan aikinka ku rubuta ainihin lokacin da kowane zagaye yake ɗauka, ku gabatar wa kamfanin a rubuce. Idan kuma akwai wata hanya takamaimai da kake ganin mil 20 bai dace da ita ba, ka rubuta wa ƙaramar hukumarka sunanta, da inda ta fara da inda ta ƙare, da bayanin ko akwai gidaje, makaranta ko asibiti a kanta, domin da waɗannan abubuwa ne sabuwar ƙa'idar take auna kowane titi.