Amsa ga Malamin da HMRC ta Aiko wa Takarda kan Albashin "Bashi"

Malam, ka ce ka yi aikin jinya ta hannun wani kamfanin ambirela (kamfanin da ke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi yana biyan su albashi a madadin wurin da suke aiki) a Ingila daga 2014 zuwa 2017, ana ba ka ɗan albashi kaɗan, ragowar kuma a rubuta "bashi", yanzu HMRC, hukumar haraji ta Birtaniya, ta ce ka biya haraji, ba ka san inda za ka fara ba. Fara da duba ranar da ke jikin takardar da kuma sashen dokar da aka ambata, domin kowace takarda da nata wa'adin.

In an rubuta sashe na 29 na dokar gudanar da haraji, ƙiyasi ne suka yi maka na harajin da ya kuɓuce musu. Kwana 30 gare ka ka ɗaukaka ƙara a rubuce, kuma a wasiƙar ka nemi a jinkirta karɓar kuɗin har a yanke hukunci. Mutane da yawa suna manta wannan roƙon, sai masu karɓar bashi su fara kira alhali ƙara tana gaba. Duba kuma ko sun makara: shekara 4 doka ta ba su bayan ƙarshen shekarar haraji, 6 in akwai sakaci, 20 in da gangan ne. Amma in tun da can sun buɗe bincike a ƙarƙashin sashe na 9A, shekarar tana nan a buɗe komai daɗewa. In takardar APN ce, wato umarnin biyan harajin da ake jayayya a kai tun kafin a warware jayayyar, babu ɗaukaka ƙara. Kwana 90 ne ka biya ko ka kai musu hujjar cewa lissafin ko sharuɗɗan ba daidai ba ne, in ka wuce kuma tara ta kashi 5 cikin ɗari ta hau.

Gaskiyar da ba ta da daɗi: hujjar cewa "ai bashi ne, ba albashi ba" ta yi rauni ƙwarai tun hukuncin Kotun Ƙoli kan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Rangers, wanda ya biya 'yan wasansa ta irin wannan hanya, a 2017. Game da hujjar cewa kamfanin ne ya kamata ya cire haraji kuwa, shari'ar Hoey ta 2022 ta tabbatar wa HMRC ikon juyowa kan ma'aikaci ta sashe na 684 na dokar harajin albashi. Shekarunka duk sun faɗa cikin zamanin cajin bashi (loan charge), wato harajin da aka ɗora kan irin wannan "bashi", wanda ya shafi abin da aka karɓa daga 9 ga Disamba 2010 kuma ba a maida ba zuwa 5 ga Afrilu 2019. Illarsa ita ce ana tara kuɗin shekaru a ɗauke su kamar na shekara guda, sai mai ƙaramin albashi ya tsinci kansa a matakin kashi 40. Saboda haka ƙarfinka ya tafi kan lissafi.

Haɗa bayanan banki na kowace shekara, takardun albashi, P60 (takardar jimillar albashi da haraji ta ƙarshen shekara) da yarjejeniyar bashin. HMRC kan ƙiyasta adadi idan ba ta da cikakken bayani, kuma abin da ya shiga asusunka a zahiri shi ne zai gyara shi. Shekarun da ke kafin 6 ga Afrilu 2016 suna da sassauci daga bitar da Sir Amyas Morse ya yi wa cajin bashi a 2019, in ka bayyana wannan tsarin biyan albashi sosai a takardar harajinka kuma ba su ɗauki mataki ba.

Don Allah kada ka koma wurin waɗanda suka saka ka a tsarin neman shawara, kada kuma ka sayi wata "mafita" daga hannunsu. In wani kamfani ya rubuto yana cewa ya sayi bashin, ka maida masa, kada ka biya ko ka sa hannu sai lauya ya gani; biyansa ba lallai ya rage abin da HMRC ke binka ba.

Nemi akanta mai rajista da ya saba da binciken haraji. In hali bai kai ba, ƙungiyar agaji ta TaxAid tana taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta. Ka sa mai ba ka shawarar ya tambaya maka sharuɗɗan sasantawa da suka biyo bayan bitar da Ray McCann ya sake yi wa cajin bashi a 2025 kafin ka amince da kowane adadi. Biya da kaɗan-kaɗan yana yiwuwa, amma sai ka kai wa HMRC jerin kuɗin shiga da na fita na wata-wata, da hujja. Kuɗin ruwa na ci gaba da hauhawa kan abin da ba a biya ba, don haka in kana da wani abu a hannu, ka biya shi a matsayin kafin alƙalami, ka rubuta cewa wannan ba amincewa da lissafinsu ba ne.