Intalok Za A Sa A Layinmu, Ƙanina Kuma A Keken Guragu Yake

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ƙanina ne ya yi hatsarin babur shekara biyu kenan lakarsa ta taɓu, yanzu a keken guragu yake. To 'yan layinmu sun haɗa kuɗi za a sa intalok saboda taɓon damina, ni kuma na lura duk sanda na turo shi muka bi ta kan intalok sai ya rinƙa cije baki yana cewa bayansa. In yi magana ne ko in yi shiru kar a ce na cika ƙorafi? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ki yi magana wallahi, kuma tun kafin tifa ta sauke yashin farko, don in an riga an shimfiɗa ba mai tayar miki da shi.

Cije bakin nan ba raki ba ne. Ki duba tayoyin gaba na keken, 'yan ƙanana ne ba su wuce tafin hannu ba, kuma keken ba shi da abin da ke shanye gargada irin na mota, to duk tsagar da ke tsakanin bulo da bulo sai tayar ta faɗa ta fito, jijjigar ta bi ƙarfe ta hau kujera ta shiga ƙashin bayansa, a layi ɗaya sau ɗaruruwa, ga mai ciwon laka kuwa wannan kan tayar da ɗaurewar jijiya da ciwon da zai kwana yana ji.

Amma gaskiya ni ban ɗora wa intalok ɗin laifin duka ba, aikin ne. A jami'ar Fitsbag ta Amurka an taɓa auna jijjigar keken guragu a kan bulo iri-iri, aka ga wanda gefensa bai da faɗin sassaƙa kuma aka jera shi a matse kusan ɗaya yake da daɓen kankare. Namu fa? A watsa yashi a kan jar ƙasa ba a danne ta da inji ba, ba a ɗaure gefe da kankare ba, damina ɗaya tifa ta bi ta kai, wani bulon ya nutse wani ya miƙe kamar haƙorin da ya yi girgiɗi. A ƙa'idar Amurkawa da ta biyo bayan dokarsu ta kare masu buƙata ta musamman ta 1990, tudun da ya wuce milimita 6 sai an sassaƙe bakinsa, in ya haura 13 kuwa gangare ake masa. Milimita 13 fa, bai kai kaurin yatsanki ba.

In son samu ne ki roƙa a bar masa hanya ta daɓen siminti a gefe ɗaya mai faɗin kamar mita ɗaya da rabi, a ɗan ja mata tsintsiya kafin ta bushe don kar ta yi santsi. Sai inda aka fi cutar masu keken guragu ba a sani ba, wato bakin ƙofa da kan kwata. Kowa ya yi wa motarsa gangare ya shigo da shi cikin layi, keke in ya hau karkatacciyar ƙasa gefe yake ja, hannu ɗaya ke shan wahala. Silaf ɗin kan kwata kuma a haɗe bakinsu, tsaga kaɗan ta isa ta riƙe tayar gaba mutum ya kifa. Gangaren gidanku kuwa lissafinsa ɗaya bisa 12 ne, in dokin ƙofa ya kai ƙafa ɗaya tsawon gangaren ƙafa 12, na san magini zai ce ɓarnar siminti ce, ki ƙyale shi.

Kuma ba alfarma kike nema ba, dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ambaci hanyoyin ƙafa na gefen titi, wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara ma ya cika tun farkon 2024.

Ki samu mai unguwa ko wanda kuɗin ke hannunsa, ki ce a fara jera kamar taku goma na gwaji, a fito da ƙanin naki a ɗora masa kofi cike da ruwa a cinya a tura shi a gaban kowa, in ruwan ya zube a rigarsa kar a biya magini sai ya sake.