Gwajin MMP-9 ba ya tabbatar da farfaɗiya

Kin tambaya ko auna sinadarin MMP-9 a jini zai nuna ɗanki na da farfaɗiya. A'a, Malama, ba zai nuna ba. MMP-9 inzayim ne, wato wani nau'in furotin, da ke taimaka wa mahaɗar ƙwayoyin jijiya su sauya siffa yayin koyo, an kuma ga ya yi yawa a naman ƙwaƙwalwar da aka cire wa masu farfaɗiya wajen tiyata. Amma fa shanyewar ɓarin jiki da kumburi ma suna ɗaga shi, fararen ƙwayoyin jini kuma suna fitar da shi.

Likita bayanin faɗuwar yake bi, sai EEG (gwajin motsin lantarkin ƙwaƙwalwa) da hoton MRI na ƙwaƙwalwa. A abin da na gani, bidiyon waya na lokacin da abin ya taso yana taimakawa ƙwarai, domin EEG kan fito lafiya lau alhali ciwon na nan.